Tsofaffin Bindigogin Rimfaya: Me Masu Tara Su Ke Saya da Kuɗinsu?

A wuraren gwanjon tsofaffin makamai na Amurka da Ingila akwai wani abu da kan ɗaure wa baƙo kai. Za a shimfiɗa bindigogi biyu a kan teburi guda, kamfani ɗaya ne ya ƙera su, shekarunsu ɗaya, harsashi iri ɗaya suke ci. Ɗaya tana sheƙi kamar yau aka fito da ita daga masana'anta, ɗayar kuwa launinta ya koɗe a duk inda tafin hannu ke kamawa, ƙotarta ta katako cike da ƙananan tabo. Idan aka gama tayi, sai a tarar koɗaɗɗiyar ce ta tafi da tsada, wani lokaci ma ta ninka 'yar'uwarta. Dalilin shi ne mai sheƙin an taɓa goge ta an sake mata rini, ita kuwa ɗayar tana nan da fatar da aka haife ta da ita. Wanda ya fahimci wannan ya kama bakin zaren sha'anin masu tara tsofaffin bindigogin da ake kira rimfaya, waɗanda aka ƙera domin gasar harbi da farautar ƙananan namun daji.

Sunan ya samo asali ne daga yadda harsashin ke kama wuta. A harsashin da sojoji da 'yan sanda ke amfani da shi, makunnin wuta wani ɗan ƙaramin ƙoƙo ne da aka dasa a cibiyar gindin kwanso, tsinken bindiga ya doke shi a tsakiya, albarushi ya kama. A harsashin rimfaya babu wannan ƙoƙon. Gindin kwanson yana da leɓe da aka naɗe ya bar ɗan rami a ciki, a cikin ramin nan ake zuba sinadarin makunni yana jiƙe, a juya kwanson da sauri har ya zagaye leɓen, sannan a bar shi ya bushe. Tsinken bindiga yana matse leɓen ne a gefe, sinadarin ya tashi, shi ya sa ake cewa rimfaya, daga Turanci rimfire, wato wutar leɓe. Wannan dabara ta sa harsashin ya yi araha ƙwarai, domin kwanson ƙarfe ɗaya ne tal, amma ita ce kuma ta ƙayyade ƙarfinsa: dole tagullar ta zama siririya yadda tsinke zai iya lotsa ta, siririyar tagulla kuwa ba ta jure matsin albarushi mai yawa. Kuma da zarar an harba, leɓen ya lotse, ba a sake ɗura kwanson kamar yadda ake yi wa manyan harsasai.

Wani Bafaranshe mai suna Louis-Nicolas Flobert ne ya fara fito da irinsa a 1845, ɗan mitsitsin harsashi wanda ko albarushi babu a cikinsa, ƙarfin makunnin kaɗai ke tura dalmar, ana wasan harbi da shi a cikin falo. A 1857 kamfanin Smith & Wesson ya fito da .22 Short domin ƙaramar bindigarsa ta hannu, a 1871 aka sami .22 Long, sannan a 1887 kamfanin J. Stevens da ke jihar Masacusat ya haɗa kwanson Long da dalma mai nauyin giram 2.6 ya fito da .22 Long Rifle. Wannan na ƙarshe shi ne ya gaje gidan, har yau shi ake harbawa a gasar mita 50 ta Olamfik. An yi manyan harsasan rimfaya a ƙarni na 19, kamar .44 Henry da na bindigar Spencer a zamanin yaƙin basasar Amurka, amma sun shuɗe, kuma idan masu tarawa suka ce rimfaya a yau, kusan kullum .22 suke nufi, wato mai kaurin milimita 5.6.

Arahar harsashin ita ce tushen komai a wannan sha'ani, alherinsa da matsalarsa. Saboda arahar, .22 ta zama bindigar farko ta yaron ƙauye a Amurka, ita ce ta manomi mai korar ɓeraye da zomaye daga gona, ita ce ta rumfunan wasan harbi a wuraren bukukuwa. Abin da ake yi wa kallon kayan yara kuwa ba a cika tattalinsa ba. Ana jingine ta a bayan ƙofa ko a rumbu, ruwa ya taɓa ta, yaro ya sassaƙa sunansa a ƙota da wuƙa. Winchester Model 1890, wadda John Browning ya tsara, mai ɗura harsashi ta hanyar ja da tura katakon gaba, an ƙera fiye da 800,000 daga cikinta, amma samun wadda cikin bututunta yake da haske aiki ne ja. Yawan abin da aka ƙera bai hana mai kyau yin wuya ba, kuma wannan wuyar ce masu kuɗi ke biya.

Lalacewar cikin bututu tana da dalili na sinadari da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne ya raba tsofaffin bindigogin nan gida biyu. Har zuwa shekarun 1920, makunnin harsashi yana ɗauke da wani sinadari wanda idan ya ƙone yakan bar gishiri a cikin bututu. Gishiri kuwa yana jawo laima daga iska, sai tsatsa ta kama cikin kwana ɗaya ko biyu idan ba a wanke da ruwa ba, kuma shafa mai kaɗai ba ya narkar da shi. A babbar bindiga albarushin yana da yawa, yana share wani ɓangare na gishirin, a .22 kuwa makunnin ya yi yawa idan aka gwada shi da ɗan albarushin da ke ciki, ramin kuma ƙarami ne mai wuyar wankewa. A wajajen 1927 kamfanin Remington ya fito da harsashin Kleanbore wanda ba ya barin wannan gishiri, sauran kamfanoni suka bi sahu. Saboda haka bindigar da aka ƙera a 1910 ana sa ran a ga cikinta ya yi duhu da ƙananan ramuka, ta 1940 kuwa, idan ba a wulaƙanta ta ba, takan kasance kamar sabuwa. Dalma ƙarfe ne mai laushi, ana shafa mata kakin zuma ko maiƙo a waje, zafin harbin kuma kaɗan ne, don haka bututun .22 yana cinye dubun-dubatar harsasai bai gaji ba. Wannan ne ya sa bindigar gasa mai shekara 70 ko 80 take iya zuba harsashi biyar a rami kusan guda a nisan mita 50, abin da tsohuwar babbar bindigar da aka yi ta harbawa ba za ta iya ba.

Bindigogin gasa kuwa tarihinsu ya fi kusa da yaƙi fiye da yadda kamanninsu ke nunawa. A Yaƙin Bowa na Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, sojojin Birtaniya sun sha wuya a hannun manoman da suka tashi da bindiga tun suna yara. Lord Roberts, wanda ya jagoranci rundunar a can, ya dawo gida yana kira da a koya wa farar hula harbi, aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na harbi a 1901, wadda ta koma Society of Miniature Rifle Clubs a 1903, sannan National Small-bore Rifle Association a 1947. Babbar bindigar soja tana buƙatar fili mai faɗin gaske, ita kuwa .22 ana iya harba ta a ɗakin ƙasa na masana'anta ko a bayan makaranta, a nisan yadi 25. Kamfanin BSA na Bamingam ya ɗauki tsarin tsohuwar bindigar soja ta Martini, wadda ake danna wani hannu a ƙasa ƙofar harsashi ta faɗa a saka ɗaya, ya ƙanƙanta shi ya yi ta ƙera wa kulob-kulob: Model 12, Model 15, 12/15, sannan daga 1950 jerin Martini International masu nauyin da ya haura kilo 6. Jamus ta bi irin wannan hanya bayan Yarjejeniyar Basai, wadda aka ƙulla a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta taƙaita mata sojoji, inda a shekarun 1930 aka yi ta ƙera ƙananan bindigogi irin su DSM 34 da KKW masu kama da bindigar Mauser ta soja a tsayi da riƙo, domin matasa su saba. Tarayyar Sobiyet ma tana da TOZ-8 ta garin Tula tun 1932. Masu tara waɗannan na horon soja rukuni ne mai zaman kansa, kuma hatimin gwamnati ko na rundunar da ke jikin bindiga shi ne abin da suka fi dubawa.

A Amurka, sarauniyar fagen ita ce Winchester Model 52. An nuna samfurinta a gasar ƙasa ta 1919, aka fara sayarwa a 1920, aka ci gaba da ƙera ta har 1980, jimilla kusan 125,000. Bindiga ce mai sakata, wato ana ɗaga wani hannu a ja baya a tura gaba kamar sakatar ƙofa, kuma tun farko an tsara ta ne domin gasa, ba a rage ta daga wata babba ba. Masu tarawa suna bin ta ne da haruffa. Akwai na farko waɗanda ba su da harafi, akwai waɗanda aka gaggauta musu bugun tsinke a wajajen 1930, sai 52A, sai 52B ta 1937, sai 52C ta 1951 mai kunamar da ake kira Micro-Motion wadda da ƙyar ake jin motsinta kafin ta saki, sai 52D ta 1961 mai cin harsashi ɗaya, sai 52E. Kowane harafi yana da abin da aka san shi da shi, har da aibi: na farkon an san su da tsagewa a jikin ƙarfe kusa da makullin kariya, wanda ya san kan abin kuwa can yake fara kai idonsa da fitila kafin ya tambayi kuɗi. Remington ta yi ƙoƙarin ƙwace kambun da Model 37 a 1937, daga baya da 40X a 1955, kuma kamfanonin biyu sun yi masu sauƙin kuɗi domin ɗalibai da kulob, wato Winchester 75 da Remington 513T.

Abin mamaki a nan shi ne, mafi tsadar Model 52 ba ta gasa ba ce. A 1934 Winchester ya fito da wadda ake kira Sporting, mai siririn bututu da ƙotar itacen walnat da aka yi wa zanen riƙo da hannu, nauyinta kilo 3 da ɗoriya, domin attajirin da ke son farautar kurege da bindiga mai kyan ta manyan dawa. Kaɗan aka ƙera, aka daina a ƙarshen shekarun 1950, yau kuma kuɗinta ya ninka na 'yar'uwarta ta gasa. Inda riba ta yi yawa kuwa, 'yan damfara ba sa nisa. Ana ɗaukar ta gasa, a fere bututun ya sirance, a sa mata sabuwar ƙota, a kai kasuwa da sunan Sporting. Ban da wannan, a shekarun 1990 kamfanin Miroku na Japan ya sake ƙera irinta da izini, da sunan Browning da na Winchester. Waɗannan na Japan ba jabu ba ne, an rubuta inda aka yi su ɓaro-ɓaro, kuma bindigogi ne masu kyau, sai dai kasuwarsu dabam, farashinsu dabam.

Mulkin Amurka da Ingila a fagen gasa ya zo ƙarshe a hannun Jamusawa. Kamfanin Anschütz, wanda aka kafa a 1856 a yankin Turingiya, ya rasa masana'antarsa bayan Yaƙin Duniya na Biyu lokacin da yankin ya faɗa ɓangaren Sobiyet, iyalin suka sake kafa shi a garin Ulm a 1950, suka fito da tsarin Match 54 a 1954. Daga shekarun 1960 zuwa gaba, mafi yawan manyan maharba na duniya suka koma kansa. A Cekoslobakiya kuma masana'antar Brno ta fito da Model 1 da Model 2 bayan yaƙin, bindigogin farauta marasa ado amma masu saiti, waɗanda suka cika Ostireliya da Ingila da Afirka ta Kudu, kuma daga cikinsu ne CZ 452 ta fito.

To, me ake nufi da asali, kuma yaya ake gane shi? A ɗauki misalin mutum da aka miƙa wa wata Remington 513T a ce masa ba a taɓa ta ba. Abu na farko, zai juya ta a haske ya dubi rubutun da aka buga a bututu. Idan hatimin masana'anta ne da ba a goge ba, gefen kowane harafi yana da kaifi, har farce yakan ɗan maƙale a kai. Idan an taɓa bi ta kai da injin gogewa domin sake rini, haruffan sukan yi lumui kamar tsohon kwabo, kusurwoyin ƙarfe su yi daɓar-daɓar, bakin ramukan kusoshi ya ɗan lotsa kamar ƙoƙo. Sai ya dubi kawunan kusoshin da kansu, domin sukurudireba da bai dace ba yakan ci bakinsu, wannan kuwa shaida ce cewa wani ya sha kwance ta. Sai ya shafa inda katako ya haɗu da ƙarfe: a masana'anta ana barin katakon ya ɗan ɗara ƙarfen tudu, idan kuwa ya tarar ƙarfen ne ya fi tudu, to an kankare ƙotar da takardar yashi. Daga nan sai ya nemi wasu ƙananan haruffa a gefen hagu na bututu, dab da inda ya shiga jikin bindiga. A lokacin, Remington yana da wata dabara ta rubuta watan ƙira da haruffa 12 na kalmar BLACKPOWDERX, inda B ke nufin Janairu, L Fabrairu, haka har X ta Disamba, sai wani harafi na shekara ya biyo baya. Wannan yana da muhimmanci domin kafin dokar 1968 ta Amurka ba a tilasta wa kamfanoni buga lambar ƙira a kan kowace doguwar bindiga ba, kuma da yawa daga cikin .22 masu araha sun fito ba lamba. Na Brno sun fi sauƙi, ana buga lambobi biyu na ƙarshen shekara kusa da hatimin gwaji. Na Ingila kuma suna ɗauke da hatimin gidan gwajin bindigogi na Bamingam ko na Landan. Gidan tarihin makamai na garin Cody a jihar Wayomin yana riƙe da tsofaffin kundayen Winchester da Marlin, kuma yana ba da takardar shaidar yadda bindiga ta bar masana'anta, ga waɗanda kundin ya ƙunsa.

Bayan waje sai ciki, kuma .22 tana da cututtukan da suka keɓanta da ita. Idan aka yi ta danna kunama ba harsashi a ciki, tsinken da ya kamata ya sauka a kan tagulla mai laushi sai ya doki gefen mazaunin harsashi, ya bar wani ɗan lotsi da ke hana kwanso fita. Idan aka daɗe ana harba gajeren harsashi na Short a mazaunin da aka yi domin Long Rifle, dauɗa da tsatsa sukan yi zobe a inda gajeren kwanson ya ƙare. Idan harsashi mai rauni ya maƙale a bututu aka harba wani a bayansa, wurin yakan kumbura, a ga wani baƙin zobe idan an leƙa, ko a ji tsumman gogewa ya yi sako-sako a daidai wurin. Akwai kuma ɓarnar masu tsafta fiye da kima, waɗanda suka yi shekaru suna zura sandar gogewa ta baki har ta cinye ƙarshen tsagogin da ke murɗa harsashi, alhali nan ne wuri na ƙarshe da dalma ke taɓawa kafin ta fita. Bututun .22 da yawa sandar gogewa ce ta kashe su, harbi bai yi musu komai ba.

Duk wannan ƙa'idar ta asali tana tafiya daidai a kan bindigogin farauta. A kan na gasa kuwa sai ta ci karo da gaskiyar yadda aka yi amfani da su, kuma a nan ne masu tarawa suka rabu. Maharbin gasa na wancan zamani bai ɗauki bindigarsa kayan ado ba, kayan aiki ce, kuma duk wanda ya ƙware sai ya gyara ta ta dace da jikinsa. Yana rage tsawon ƙota ko ya ƙara, ya fere inda kumatu ke kwanciya, ya cire kunamar masana'anta ya sa ta kamfanin Canjar, ya kai wa gwanin maƙeri irin Eric Johnson ya sauya masa bututu, ya huda ƙarfe ya ɗaura abin saiti na Lyman ko Redfield, ko doguwar tabarau ta Unertl wadda ake daidaita ta daga maɗaurinta na waje. A Ingila kamfanin A.G. Parker, wanda ya koma Parker-Hale, ya shahara da rarake tsohon bututu a zura masa sabon ciki, har akan buga shaidar hakan a bakin bindigar. Sakamakon haka shi ne, bindigar da ta fi cin gasa ita ce aka fi taɓawa, wadda kuwa ta tsira ba ƙwarzane sau da yawa ta wani ce da ya saya da zumuɗi, ya harba sau uku, ya jefa a kabad. Kasuwa ta fi biyan ta biyun. A nawa ganin akwai rashin adalci a wannan hukunci, domin ana saka wa bindigar da ba ta yi aikin da aka ƙera ta dominsa ba, ana tauye wadda ta yi. Ya kamata a bambanta gyaran zamaninta, wanda gwani ya yi domin gasa kuma yana cikin tarihinta, da gyaran gangar Auzinawa da wani ya yi bara da injin huda a garejinsa domin ya ɗaura tabarau ta zamani. Wasu masu tarawa sun fara yin wannan bambanci, musamman idan bindigar ta zo da littafin maki na mai ita, da lambobin yabo, da takardun shiga gasar Camp Perry a Ohayo ko ta Bisley a Ingila da aka manna a jikin akwatinta.

Kayan saitin ma kasuwa ce a cikin kasuwa. A zamanin ƙera ta, sau da yawa Winchester yakan sayar da Model 52 da abin saitin da mai saye ya zaɓa, ko ma babu, kuma yau tsohon Lyman 48 ko tabarau ta Unertl mai tsabtar gilashi na iya kusantar kuɗin bindigar kanta. Wannan ya haifar da wata mummunar ɗabi'a ta dillalai: a sayi bindiga cikakkiya, a kwance abin saiti da gidan harsasai da majanyin rataya, a sayar da kowanne dabam. Mai saye na gaba sai ya shafe shekaru yana farautar abin da aka cire, kuma ko ya samu, ba wanda ya tsufa tare da ita ba ne, launinsu ba zai zo ɗaya ba.

Sai batun ko a harba ko a ajiye. Galibin masu tara .22 suna harba nasu, domin harsashin bai cika cutar da bututu ba, sai dai akwai sharaɗi. A wajajen 1930 aka fito da harsasai masu ƙarin gudu, tsofaffin bindigogi masu raunin makulli da aka ƙera kafin lokacin, irin ƙananan Stevens na yara, ba a yi su domin wannan matsi ba. Masu gasa dama ba sa son mai gudun. Harsashin gasa, irin Eley Tenex da aka fara yi a Ingila a 1951, yana fita da gudun kusan mita 330 a daƙiƙa, ƙasa kaɗan da gudun sauti, domin dalmar da ta zarce gudun sauti sannan ta sauko ƙasa da shi a hanya takan yi tangal-tangal. A allon gasar mita 50 da'irar maki 10 faɗinta milimita 10.4 ne kacal, don haka ƙaramin tangaɗi ya isa ya zubar da maki. Kuma kowane bututu da irin harsashin da ya karɓe shi, har ta kai maharba suna gwada rukuni-rukuni na harsashi iri ɗaya daga kamfani ɗaya, idan sun dace da wanda bindigarsu ke so su saye shi da yawa. Wasu bindigogin kuma harsashinsu ya ɓace daga kasuwa. Winchester Model 1903, mai ɗura kanta, an yi mata harsashi nata na musamman da gangan, domin kada mutane su sa mata na baƙin albarushi ya toshe ta, kuma yau sai an yi da gaske ake samunsa. Haka .25 Stevens da .32 rimfaya, waɗanda bindigoginsu suka koma na kallo.

Doka ita ce abu na ƙarshe da ke yanke farashi, kuma ita ta sa bindiga ɗaya take da daraja biyu a ƙasashe biyu. Tsufa ba ya fitar da .22 daga sahun makamai, tana kisa kamar kowace bindiga, kuma a Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta haramta mallakar bindiga ba tare da lasisi ba. A Amurka, dokar tarayya tana ɗaukar wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, wadda ta kai shekara 50 kuma tana shiga rukunin da mai lasisin tara kayan tarihi zai iya saye daga wata jiha, ga kuma hukumar Civilian Marksmanship Program da ta sayar wa 'yan ƙasa dubban tsofaffin bindigogin horon soja. A Birtaniya kuwa sassaucin kayan tarihi ya shafi bindigogin da harsashinsu ya shuɗe ne kawai, .22 ba ta ciki, don haka ko ta zamanin Lord Roberts ce sai da takardar izinin 'yan sanda, da dalilin mallaka, da akwatin ƙarfe na ajiya, kuma kowace bindiga sai an rubuta ta a takardar. Mutumin da aka ba izinin biyu ko uku ba zai cika gurbinsa da tsohuwar BSA ba alhali yana buƙatar ta gasar yau. Shi ya sa idan tsohon ɗan kulob ya rasu a Ingila, iyalinsa kan rasa mai karɓar Martini 12/15 ɗinsa ko da a kuɗi kaɗan, wasu ma a miƙa su ga 'yan sanda a lalata, alhali irinta a Amurka, inda ba a shigo da su da yawa ba, masu nema suna bin dillalai suna tambaya.